Dusar Kamfanin Giya Da Ƙasar Ogoni: Tarihin Wani Magani Mai Arha

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau za mu tafi kudu ne, can Neja Delta, amma za mu bi ta wata hanya da ba a saba bi ba. Akwai maganar da masu binciken kimiyya suka daɗe suna yi, cewa dusar da kamfanonin giya ke fitarwa tana iya gyara ƙasar da ɗanyen mai ya ɓata. Maganar nan gaskiya ce, an gwada an gani. Sai dai tana da tarihi, kuma a cikin tarihin akwai tarko. Tarkon nake so mu gani tare.

Na san wasu tun daga jin kalmar giya sun fara ɓata fuska, don haka bari mu fara da ita dusar. Idan za a yi giya, ana jiƙa hatsi har ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a dama da ruwan zafi don zaƙin ya fita, sannan a tace. Ruwan da aka tace shi ake sa wa yis ya zama abin maye. Tuƙar da ta rage a matata ita ce dusar da muke magana a kai. Wato an raba ta da ruwan tun kafin a sa yis, babu barasa a cikinta. Irin wannan dusar ce kuma ke fita idan ana yin lemon malt irin su Maltina da kowa ke sha a gidan biki. Yawa gare ta: duk lita 100 na giya na barin kusan kilo 20 na jiƙaƙƙiyar dusa, kuma ita ce kusan kashi 85 cikin 100 na duk abin da masana'antar ke fitarwa a matsayin shara. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinta ruwa ne, shi ya sa cikin ƴan kwanaki take yin tsami ta fara wari. Masu kiwo ne suka fi kwasa, su ba shanu da aladu da kaji.

Kuma dusar nan tana da alaƙa da mu fiye da yadda muke zato. An kafa kamfanin Nigerian Breweries a 1946, kwalbar farko ta fito daga Legas a 1949, aka buɗe masana'anta a Aba a 1957, sai ta Kakuri a Kaduna a 1963. A wancan lokacin tsiron sha'ir ake shigowa da shi daga Turai. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da shi, dole kamfanoni suka koma kan dawa da masara. Tun daga nan dawar da manoman arewa ke nomawa ta shiga wannan harka. Kenan wani ɓangare na dusar da ake maganar zubawa a ƙasar da mai ya kashe, asalinsa daga gonakinmu ya fito.

To me mai ke yi wa ƙasa? Duk wanda ya taɓa shiga garejin makanikai ya ga amsar da idonsa. Dubi inda ake zubar da baƙin mai: ƙasar ta yi baƙi, ta daskare, ko ruwa ka zuba sai ya gangare ya ƙi shiga, ko ciyawa ba ta fitowa. Mai yana toshe ƴan ƙofofin da iska da ruwa ke bi, ya lulluɓe saiwar shuka, sannan wasu sinadaran da ke cikinsa guba ne kai tsaye.

Amma a cikin ƙasar akwai ƙananan halittu, bakteriya da dangin naman gwari, waɗanda mai abinci ne a wurinsu. Ba sabon ilimi ba ne wannan. Tun 1913 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Söhngen ya wallafa bincike kan bakteriyar da ke rayuwa a kan fetur da kananzir. A 1946, shekara goma kafin a samu mai a Oloibiri, wani Ba'amurke, Claude ZoBell, ya tattara abin da aka sani a kan lamarin, ya nuna cewa irin waɗannan halittu suna ko'ina, a ƙasa da cikin teku. Ku riƙe wannan shekarar a ranku. Kafin digo ɗaya na man Najeriya ya zuba a gonar kowa, masana sun riga sun san cewa akwai abin da ke cinye shi.

Da farko an ɗauka cewa dabarar ita ce a ƙera wata ƙwaya ta musamman mai tsananin cin mai. A farkon shekarun 1970 wani masani haifaffen Indiya, Ananda Chakrabarty, yana aiki da kamfanin General Electric, ya haɗa irin wannan bakteriyar a ɗakin gwaji. Rigimar ko mutum zai iya mallakar halitta mai rai ta kai har kotun ƙolin Amurka, a 1980 alƙalai biyar suka ce zai iya, huɗu suka ce a'a. Shari'ar ta yi suna a duniya. Ita kuwa ƙwayar, ba a taɓa sakinta a kan wata malalar mai ta gaske ba.

Abin da ya sauya tunani shi ne hatsarin jirgin ruwan dakon mai na Exxon Valdez a Alaska, ranar 24 ga Maris 1989. Galan kusan miliyan 11 na ɗanyen mai ya malala a gaɓar teku. Da masana suka duba, sai suka tarar masu cin man suna nan a wurin tun asali, matsalarsu ɗaya: abincin bai cika ba. Ɗanyen mai kusan duk kabon ne da haidurojin. Halitta kuwa ba ta gina jiki sai da naitrojin da fosfaras. Kamar a ajiye maka tuwo malmala ɗari babu miya ne, za ka ci, amma ba za ka yi nisa ba. Sai aka watsa takin zamani a kan sama da kilomita 100 na gaɓar, aka ga man saman duwatsu yana raguwa da sauri fiye da inda ba a sa ba. Daga nan wannan hanya ta samu karɓuwa. Amma akwai ƙarashen labarin da ba a cika faɗa ba: bayan fiye da shekara goma, masu binciken gwamnatin Amurka sun haƙa ramuka a wasu daga cikin gaɓoɓin, suka tarar da mai a ƙarƙashi, inda iska ba ta kaiwa, yana nan bai tafi ba.

Yauwa, a nan dusa ta shigo. Takin zamani yana da tsada, kuma ruwan sama na wanke shi da wuri. Dusa kuwa tana da furotin mai yawa, wanda ke sakin naitrojin a hankali yayin da take ruɓewa. Ƙaiƙayin da ke cikinta yana sassauta ƙasar da ta daskare, iska ta samu hanya, danshi ya zauna. Sannan ita kanta tana zuwa da nata ƙananan halittun. Aiki uku kenan daga abin da kamfani ke neman wanda zai kwashe masa.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka fi ambata, wani ɗan Najeriya ne ya yi shi, Peter Abioye, malami a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, tare da abokan aikinsa a Jami'ar Malaya ta ƙasar Malesiya. Sun gurɓata ƙasa da baƙin man inji, suka gwada gyara ta da abu uku: dusar giya, ɓawon ayaba, da ragowar takin da aka noma naman kaza a kai. Dusa ce ta zo ta ɗaya. A ƙasar da man ya kai kashi 5 cikin 100 na nauyinta, bayan kwana 84 kashi 92 na man ya tafi. Amma a ƙasar da man ya kai kashi 15, a cikin wannan lokacin kashi 55 kawai ya tafi. Adadi na farko shi ake yawan yaɗawa. Ni na biyun ya fi damuna, domin shi ke nuna cewa idan man ya yi yawa, su kansu masu cin nasa yana fin ƙarfinsu. Kuma kada mu manta wannan ƙasa ce ƴar kaɗan a ɗakin gwaji, ana juya ta, ana yayyafa mata ruwa a kan lokaci.

Yanzu mu ɗauki wannan ilimin mu je da shi Ogoni, mu ga abin da ya faru da aka fito da shi fili.

Ƙasar Ogoni tana jihar Ribas, gabas da Fatakwal, faɗinta kusan murabba'in kilomita 1,000, ƙananan hukumomi huɗu: Khana, Gokana, Tai da Eleme. Manoma ne da masunta. An samu mai a Oloibiri ta jihar Bayelsa ta yanzu a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958, kuma a wannan shekarar aka same shi a Bomu cikin ƙasar Ogoni. Kamfanin Shell ya yi ta haƙa har fiye da shekara talatin. A 1990 aka kafa ƙungiyar MOSOP, marubuci Ken Saro-Wiwa ya zama muryarta. Ranar 4 ga Janairu 1993 mutane kusan 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, a cikin al'ummar da a lokacin ba ta wuce rabin miliyan da yawa ba. A wannan shekarar Shell ya daina haƙo mai a Ogoni. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal, bayan shari'ar wata kotu ta musamman kan kisan wasu shugabannin Ogoni huɗu, shari'ar da duniya ta yi tir da yadda aka gudanar da ita. Har aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Na san a arewa sunan Abacha na da masoya da yawa, kuma ba yau za mu yi wannan muhawarar ba. Amma abin ya faru, kuma ba a fahimtar fushin mutanen can idan an tsallake shi.

An daina haƙa, amma bututun da ke ɗauke da mai daga wasu wurare ya ci gaba da ratsa ƙasar, tsofaffin rijiyoyi da kayan aiki kuma aka bar su suna ruɓewa. Malala ba ta tsaya ba. A 2008 bututu ya fashe sau biyu a Bodo, ya kashe kifi da itatuwan bakin ruwa da masunta suka dogara da su. Sai a Janairun 2015, bayan an kai ƙara Landan, Shell ya amince ya biya fam miliyan 55.

To duk tsawon shekarun nan, idan mai ya zuba, da me ake gyarawa? Wannan ita ce tambayar da ta sa na ɗauko batun dusa. Hanyar da kamfanin ya dogara da ita ita ce ake taƙaita sunanta da RENA. Ga yadda take: a kwashe man da ke kwance a sama, a kafce ƙasar, a tara ta kunya-kunya, a zuba taki, a riƙa juyawa, a bar ƙananan halittu su yi aikinsu. Kun gane ta? Ita ce dai dabarar Alaska, ita ce dabarar dusa, bambancin kawai abin da aka zuba. Bayan wani lokaci a zo a duba, a sa hannu a takarda cewa wuri ya gyaru.

A watan Agustan 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan Ogoni, bayan wata 14 tana aiki a filin. Sun duba wurare sama da 200, suka gwada samfur fiye da 4,000 na ƙasa da ruwa. Abin da suka gano ya rushe tunanin da aka gina RENA a kai. An ɗauka cewa akwai shimfiɗar yumɓu a ƙarƙashin ƙasar yankin da za ta tare mai ya tsaya a sama. Ashe yumɓun bai game ko'ina ba, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya yana tura man ƙasa. A wurare 49 sun tarar da mai a zurfin aƙalla mita biyar. Mita biyar fa, jama'a, ya fi tsayin ɗaki. Garma da shebur ba sa kaiwa can, iska ba ta kaiwa, kuma in babu iska masu cin mai ba sa wani aikin kirki. Cikin wurare 15 da takardun kamfanin suka nuna an kammala gyarawa, 10 an same su da gurɓata fiye da ma'aunin da kamfanin da gwamnati suka yarda da shi. A Ejama-Ebubu, inda mai ya zuba tun wajen 1970, bayan shekara arba'in da gyare-gyare iri-iri, man na nan.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na Nisisioken Ogale a Eleme. A can an tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa, ruwan da rijiyoyin mutane ke ja. Sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo ciwon daji, ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sama da sau 900 a ruwan da suke sha. Mata na dafa abinci da shi, ana yi wa jarirai wanka da shi. A saman ƙasa kuwa mai yiwuwa ciyawa ta fito kore shar, mai wucewa ya ce ai an gyara.

Rahoton ya ce gyaran Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar a fara da dala biliyan ɗaya don shekara biyar na farko. Gwamnati ta kafa hukumar HYPREP a 2012, abin ya yi ta jan ƙafa, sai a Yunin 2016 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya je Bodo ya ƙaddamar da aikin. Kafin nan, a 2015, ƙungiyar Amnesty International ta koma wasu wuraren da hukumar gwamnati ta ba wa shaidar an tsabtace, ta tarar da mai a fili, ido na gani. An yi wasu ayyuka tun daga lokacin, an samar da ruwan famfo a wasu garuruwa, an fara dasa itatuwan bakin ruwa, amma ƙorafi kan ingancin ƴan kwangila bai yanke ba.

Adalci ya sa in ƙara da cewa ba kamfani kaɗai ke zubar da mai ba. Masu fasa bututu da masu tace mai a daji sun yi mummunar ɓarna, rahoton ma ya faɗa. Amma dokar Najeriya ta ɗora wa mai bututun alhakin tsabtace wuri ko da wa ya fasa, kuma ba ɓarawon mai ne ya sa hannu a takardar da ta ce wuri ya gyaru ba.

Don haka idan na ga ana murnar cewa an gano maganin gurɓatar mai a cikin shara, murnata rabi ce. Ina jin daɗin cewa ɗan ƙasarmu ya yi bincike mai amfani da abin da muke da shi. Amma na san yadda masu kuɗi ke son jin kalmar arha. Magani mai arha da ke gyara taƙi biyu na saman ƙasa, idan ya faɗa hannun wanda ba ya son kashe kuɗi, ya zama murfi. Inda man ya nutse, dole a haƙo ƙasar a fito da ita sama a yi mata aiki, a zuƙo ruwan ƙarƙashi a tace, kuma wannan aiki ne na injuna da miliyoyi. A can dusa za ta iya taimakawa ne kawai bayan an fito da ƙasar, a matsayin ɗaya daga cikin kayan aiki.

Akwai kuma ƙananan matsalolin da takardun bincike ba su cika damuwa da su ba. Dusa jiƙaƙƙiya ce, ɗaukarta a mota kamar dakon ruwa ne, kuma tana lalacewa kafin a yi nisa. Ta Aba za ta iya isa Ogoni, ta Kaduna ba za ta yi wannan tafiyar ba. Sannan ba kyauta take ba kamar yadda ake faɗa, masu kiwo na sayenta, in aka karkatar da ita wani wuri kuɗin abincin dabbobi zai ji a jikinsa. Ɓangaren mai mai nauyi, irin mai kama da kwalta, halittun nan ba sa iya cinye shi da wuri. Baƙin man inji kuma yana ɗauke da ƙarafa masu guba irin su dalma, su kam babu bakteriyar da ke narkar da su, suna nan a ƙasar ko man ya tafi. Wanda ya gyara filin gareji da dusa ya ga ciyawa ta fito, kada ya yi gaggawar shuka alayyafo a wurin.

Inda nake ganin wannan ilimi zai yi mana aiki kai tsaye shi ne irin waɗannan ƙananan wuraren: garejin makanikai, wurin masu injin niƙa, bayan gidan da janareta ke ɗiga, gefen titin da tankar mai ta faɗi. Man bai yi zurfi ba, filin kaɗan ne. Kuma ba sai dusar giya ba. Abin da ake nema naitrojin ne da abin da zai sassauta ƙasa, kashin kaji da takin shanu da ƙaiƙayin shinkafa duk an gwada su a jami'o'inmu. A kafce, a cakuɗa, a riƙa juyawa, a kuma riƙa ba da ruwa, domin a ƙasarmu da rani bushewa ce za ta fara tsayar da aikin kafin komai.

Sai babban dalilin da ya sa na ga ya kamata mu san tarihin Ogoni yanzu. A Nuwamban 2022 Shugaba Buhari ya je Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai. Mun yi murna, mun yi ta sa hotuna a Facebook. Ban ga mutane da yawa suna tambayar abin da mutanen Ogoni suka yi shekaru suna nema ba. Da aka fara haƙa a Bomu a 1958, ba a ajiye wa mutanen wurin ma'aunin yadda ƙasarsu da ruwansu suke ba, shi ya sa duk gardamar da ta biyo baya ta zama maganar kamfani da maganar talaka, har sai da baƙi suka zo da na'urori bayan shekara hamsin da uku. Matasan Alkaleri da na Akko suna da damar da waɗancan ba su samu ba: su nemi a auna ruwan rijiyoyinsu da ƙasar gonakinsu tun yanzu, a ba su kwafin sakamakon a hannu, a ajiye a fadar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma. Kuma duk ranar da mai ya zuba aka ce an gyara, su tambayi zurfin da aka haƙa kafin a ɗauki samfurin, da sunan wanda ya biya kuɗin gwajin.

A nan za mu dakata. Masu karatun kimiyyar ƙananan halittu da ke cikinmu, musamman wanda ya taɓa yin irin wannan gwajin a aikinsa na kammala digiri, ya rubuto mana abin da ya zuba a ƙasar da kwana nawa ya ɗauka, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.